Ranar Kasuwa Aka Zo Duba Ni, Umma

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya kai haske makwancinki, na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba, ba kuma wanda zai karanta miki ita. Na sani sarai. Amma labari ne ya cika mini ciki, kuma duk wanda na fara ba shi sai in ji ba shi nake nufi ba. Ke nake so ki ji.

Gida kowa lafiya. An ƙara wa Abba girma a ma'aikatarsu, har ya sayi mota, yana wanke ta da kansa don bai yarda da hannun kowa ba. Yaya Nura ya samu aiki a kamfanin wayar salula, ya fara ajiye tumbi, ba ya iya gaisawa da mutum sai da waya biyu a hannu. Abuja kuwa ba za ki gane ta ba. Gine-ginen da aka faro tun dawowar mulkin farar hula sun ƙara ƙaimi, in ka kwana biyu ba ka bi wata hanya ba sai ka nemi mai yi maka kwatance. Zogalenki na bayan gida yana nan, ya kusa taɓa wayar lantarki, Abba ya hana a sare shi.

Kin bar ni ina tsakiyar karatun malanta a Gwagwalada, yanzu ina shekarar ƙarshe. Kin san sharuɗɗan da gwamnati ta gindaya wa mai son riƙe alli. Mun yi darussan sanin halayyar yara, da tsara manhaja, da hanyoyin koyarwa, mun koyar da junanmu a aji muna dariyar juna. A gaba akwai bautar ƙasa, da rajista, da lasisi. Amma babban ƙarfen ƙafar shi ne koyarwar gwaji, wadda muke ce wa tifi. Za a tura ki makaranta ki riƙe aji, wata rana malami daga jami'a ya faɗo ba sanarwa, ya zauna a bayan aji, ya ga yadda kike koyarwa, ya ba ki maki. In bai gan ki a gaban yara ba, ba maki. In ba maki, ba digiri, sai ki jira wata shekarar.

Ina ta yi miki bayani kamar ba ke ce dokar ta fara kamawa ba. Kin tuna lokacin da aka ce takardar malanta ta Gired Tu ta daina isa, duk malamin firamare sai ya koma kwaleji ko ya ba da wuri? Abokan aikinki sun yi ta tsinuwa a tsakar gidanmu, suna cewa bayan shekara ashirin da wani abu a aji wa zai koya musu koyarwa. Ke kuwa washegari kika je kasuwa kika sayo jakar makaranta, baƙa, mai zif. Muka yi ta yi miki tsiya, ni da Yaya Nura. Kika yi karatun hutu kina zama benci ɗaya da yaran da kika koya wa riƙe fensir, suna kunyarki, ke kina aron littafinsu kina kwafe abin da ya wuce ki. Ban taɓa jin kin ce dokar zalunci ce ba. Abin da kike cewa shi ne yaran ƙauye ma sun cancanci malami mai takarda. Ciwo ya ɗauke ki saura kaɗan ki gama. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, ban san da wa nake fushin ba.

Da lokacin tifi ɗina ya zo, Abba ya samo mini gurbi a wata makarantar kuɗi a Garki, mai fanka da tayil, inda malamin jami'a zai iya leƙowa ko a hanyarsa ta zuwa banki. Ni kuma na je ofishin sashenmu na nemi a tura ni makarantarki, can bayan Karshi. Mai rabon ya dube ni ya ce na san daga Gwagwalada zuwa can sai an keta Abuja gaba ɗaya? Na ce na sani. Abba ya yi faɗa irin wanda ban taɓa ji ba. Ya ce taurin kai na gado, kuma kin san wa yake nufi. Daga ƙarshe ya yanke hukunci: in na rasa shekarar nan saboda ba wanda ya zo duba ni, zancen malanta ya ƙare, zai nema mini aikin ofis in zauna. Na amince, don a lokacin bakina ya fi hankalina sauri.

Malam Danladi, hedimastanku, yana nan da hularsa ɗaya tilo. Ya ba ni ajinki, 'yan aji huɗu, waɗanda tun tafiyarki ake haɗa su da wani ajin yau, gobe a bar su su kaɗai. Matan garin suna ce mini yaron Malama, ba ruwansu da mace ce ko namiji, ni kuma ina amsawa da daɗin rai.

Ranar kasuwa ta farko na iso a lokacin da aka saba shiga aji, na tarar ba kowa. Benci kawai da ƙudaje. Malam Danladi ya ce ai yaran sun zo tun da duku-duku, sun jira ni sun gaji sun tafi. Shi ya ba ni labarin yarjejeniyarki. Ya ce da can ranar kasuwa makaranta a rufe take a zahiri, iyaye na kwashe yara su kama musu talla da dakon kaya, malamai su yi ta duka washegari, ba abin da ya canza. Ke kika bi matan gida gida. Kika ce ba za ki raba su da 'ya'yansu ranar da suke neman abinci ba, su ma kada su raba yaran da karatu. Su ba ki su daga an idar da asuba, ke kuma da hantsi, kafin motocin 'yan sari su iso daga gari, za ki sake su ko kina tsakiyar jimla. Ya ce shekara da shekaru ba ki taɓa riƙe yaro ɗaya ya wuce lokacin ba, ko masu duba makarantu ne suka zo. Su ma ba su taɓa hana ki yaro ba.

Umma, me ya sa ba ki taɓa faɗa mana ba? Mu 'ya'yanki mun ɗauka gudun cunkoson mota ne yake fitar da ke cikin duhu. Ga abin da ban taɓa gaya miki ba: ban taɓa ganinki a gaban allo ba, ko sau ɗaya. A gari aka sa mu makaranta. Na san girkinki, na san faɗanki, na san yadda kike gyangyaɗi a kan littattafan yara da jan biro a hannu, amma Malamar da garin nan yake ambato ban san ta ba. Na yi kishin yaran nan, wallahi. Su sun same ki ta inda ni ban same ki ba.

Na ɗauki yarjejeniyar kamar yadda kika bar ta. Ranar kasuwa motar farko nake bi daga Karu, in sauka in hau acaɓa. Makonni suka yi ta tafiya. Abokan karatuna da ke cikin gari duk an duba su, wasu har sun fara ɗinkin bikin gamawa. Ni shiru. Wadda aka ba sunana ta zo duba ni ita ce Dakta Rifkatu, mace mai tsauri da ba ta karɓar ko ruwan leda daga hannun ɗalibi, ga makarantu an jibga mata daga wannan gefen Abuja zuwa wancan. Abba ya daina tambayata, sai dai ya dube ni in na dawo, in sunkuyar da kai.

Sai da zangon karatu ya zo ƙarshe ta zo. Ranar kasuwa, rana ta take, na sallami yara tun ɗazu ina zaune ina duba aikinsu. Na ji tsayuwar mota, na leƙa, sai ga Dakta Rifkatu. Ta shigo ta dubi benci, ta dube ni, ta tambaya ina ɗaliban. Na yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Ta ce ta fahimta, amma ita aka aiko ta ga darasi, ba za ta ba da maki a kan aji wayam ba, kuma ba ta da wata ranar da za ta sake dawowa. Za ta ɗan zauna direbanta ya ci abinci, in ya dawo za su wuce. Malam Danladi ya yi ta madam abeg, madam a taimaka, ta ce ba ita ta rubuta dokar ba. Gaskiyarta ce, ban ji haushinta ba.

Malam Danladi ya ja ni gefe ya ce in ruga kasuwa in tattaro yaran, ko rabinsu ne. Ga kasuwar nan, ana jin hayaniyarta daga aji. Na kai bakin ƙofa na tsaya. Lokacin nan ne 'yan sari suke saye, lokacin da kika yi alkawarin ba za ki taɓa ba. Ni da na zo jiya, in karya abin da kika riƙe shekara da shekaru, don takardata? Da wane ido zan ce su ba ni yaran da asuba mako mai zuwa? Na koma na zauna. Kada ki ɗauka jarumta ce, kuka nake son yi, ina ganin teburin ofis ɗin da Abba zai ajiye ni a kai.

Ashe direban a rumfar Mama Talatu ya zauna cin abinci, shugabar matan kasuwar, wadda aka ce ita ta fara amsa miki a wancan lokacin. Ta tambaye shi wane oga ya kawo, ya ba ta labari. Ban san me ta ce wa matan kasuwar ba. Ni dai na ga yara suna shigowa a guje, kowa da tirensa a ka, suna jera su a jikin bango, doya, kuɓewa, tumatir, gyaɗa, alayyafo. Bayansu iyayen ne, suka cika tagogi, wasu da goyo. Mama Talatu ta leƙo ta balbale ni da faɗa a gaban baƙuwa, wai me ya hana ni aikowa, uwata ma haka take da shegen zurfin ciki, ba ta taɓa roƙonsu komai ba, su kuwa sun daɗe suna jiran ranar da za ta roƙa.

Darasin sassan tsiro na shirya. Na ɗaga kwalin da na zana, na nuna saiwa na tambaya mene ne wannan. Ba wanda ya dubi kwalin. Wata yarinya ta tashi ta je jikin bango ta ɗauko rogo ta ɗora mini a tebur. Wani ya kawo alayyafo ya ce ganye, wata ta ɓare gyaɗa ta ce iri, aka fara musu a kan tumatir. Da na yi turus, suka ce ai Malama ba ta nuna musu hoton abin da hannu zai iya taɓawa. A nan na gan ki, Umma. Ina tsaye a inda kike tsayawa, yaranki suna koya mini yadda kike yi. Na ajiye kwalin na bi su, darasin ya tafi da kansa.

Dakta Rifkatu ba ta yi mini rangwame ba. Ta rage mini maki don muryata ba ta kai bayan aji, ta rage don ina juya wa yara baya in ina rubutu a allo, ta kuma ce sauya lokacin darasi ba tare da izini a rubuce ba kuskure ne, a gyara shi don malamin da zai zo bayana. Amma na ci. Ba da yawa ba, na dai ci. Da na raka yaran kasuwa, motocin 'yan sari sun tafi, tumatir ya kwanta a rana. Na fara ba da haƙuri, Mama Talatu ta ce in ɓace mata da gani, in dai tabbata ban makara ba ran kasuwa mai zuwa.

Na gaya wa Abba komai, har da zaman da na yi na ƙi zuwa kiran yaran. Ya tashi ya shiga ɗaki. Na kwana ban san matsayina ba. Ranar kasuwar ƙarshe kafin hutu na fito zan tafi tasha, na same shi a waje ya tayar da mota. Muka kama hanyar Karshi. Na lura yana kauce wa ramuka tun kafin fitila ta haska su. Sai da muka kusa ya ce shekarun farko shi yake kawo ki a babur duk ranar kasuwa, ya ajiye ki ya juya ya tafi aiki, kuma shi ma ya yi miki irin faɗan da ya yi mini, bai yi nasara ba. Da muka tsaya a ƙofar makaranta ya ce mini, sauka, Malama, yara suna jira. Bai dube ni ba da ya faɗa, ni ma ban iya dubansa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Umma, Ya yafe miki, Ya sa kowane harafi da kika koyar ya zame miki haske. Sai mun zo.

'Yarki mai kewarki,
Maimuna