Kada Wessel Ya Harba Ko Ɗaya

Gonar Rietkuil, Mayu 1988

Ousus Marelize, yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Wessel da yara. Yaya gwiwar taki da wannan sanyi da ya fara shigowa? Mu nan lafiya, sai dai ruwa ya ƙi sauka, tumaki sun koma cin ƙaya.

Kin tambaye ni labarin injin cika harsashin da na dame ku da zancensa lokacin Kirsimeti. Na so a ce kin manta. Kin san yadda muka tashi muna kallon Baba: ya auna albarushi a sikeli, ya zuba, ya leƙa cikin kwanson kafin ya ɗora kan harsashi, ɗaya bayan ɗaya. Wannan kuwa, mai shagon a Port Elizabeth ya rantse mini cewa jan hannu ɗaya harsashi ɗaya, ba awo ba leƙe. A shagon haka ya yi. A gidana kuwa yau ya cije, gobe ya murƙushe kwanso, jibi ya watsar da albarushi. Jiya matata Hettie tana share ɗakin ta ce, "Gys, inji ka saya ko majinyaci ka ɗauko mana?" Ni kuwa a lokacin ina rub da ciki a ƙarƙashin tebur ina laluben wani ɗan ƙarfe da ya yi tsalle.

Duk da haka na matsa masa ya cika mini harsasan farautar bana. Na kwalin da na ba Wessel su ne na farkon fitowa, lokacin da marmari bai bar ni na ga aibinsa ba.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Gysbert

Rietkuil, Yuni 1988

Ousus,

Ina fatan kuna lafiya. Ki yafe mini yadda na tsinka miki zuciya a waya. Kin san layin nan namu na haɗaka, kana ɗaga kan wayar duk matan gonakin kwarin sun kasa kunne, shi ya sa na ce kawai kada Wessel ya harba ko ɗaya daga kwalin nan, na ajiye.

Ranar Asabar muka fita farauta da dattijon maƙwabcinmu Oom Faas. Wani namijin barewa ya tsaya mini a fili, a nisan da ko ke ba za ki kuskure ba. Na harba. Ƙarar ta fito kamar tari, harsashin ya sauka ƙasa da inda na auna, ya farka masa ciki. Ya zabura. Na yi maza na sa na biyu, wannan kuma ya doke ni kamar jaki, hayaƙi da zafi suka feso mini a fuska, bindigar ta cije gaba ɗaya. Bindigar Baba, Ousus. Girata ta dama ta ƙone, idon kuma Allah ne ya tsare.

Muka bi jini har rana ta faɗi, ba mu same shi ba. Da safe muka tarar da shi a cikin kwazazzabo, diloli sun fara cinsa ta baya, kuma da sauran ransa. Ya ɗago kai ya dube mu. Oom Faas ne ya ƙarasa shi. Ni na koma bayan dutse na amayar da duk abin da ke cikina. A hanyar gida tsohon bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Abin da ya ce kawai, "Ɗana, wa ke koro ka ne da kake sauri haka?"

Hettie ta rataye naman biltong na Oom Faas, kilishinmu na nan, a baranda. Ko yanka ɗaya ban taɓa ba.

Naki,
Gysbert

Rietkuil, Yuli 1988

Ousus,

Gaisuwa da fatan alheri. Idon ya warke, girar ce dai har yanzu yara ke kallo a coci. Ki yi wa Wessel godiya da ya kawo kwalin da kansa. Sai bayan tafiyarsa Hettie ta gaya mini cewa da su ya yi niyyar kai 'yarku Annelie farautarta ta farko.

Na farke harsasan duka, nawa da nasa. Ashe albarushin maƙalewa yake a maƙogwaron injin, wani kwanso ya samu rabi, na bayansa ya sha nasa da ragowar. A kwalin Wessel na samu irin waɗannan da albarushi ya yi wa yawa. Na jera su a tebur na daɗe ina kallo, ina tuna kafaɗar 'yarki.

Na ɗaure injin a bayan mota na mayar wa mai shi. Ya ce, "Maigida, inji lafiyarsa ƙalau, hannu ne bai saba ba." Na nuna masa girata. Ya ce, "To ai ka gani." A ƙarshe ya karɓa a wulaƙance, kamar yana yi mini alfarma, na fito ina jin na sauke kaya.

Da na gama sayen maganin tumaki na biyo ta gaban shagon. Ga injin a taga, an goge shi tas, da takarda a wuya wai kusan sabo ne. Wani saurayi yana tsaye a ciki da jaririya a kafaɗa, mai shagon yana nuna masa yadda ake jan hannun.

Na shiga na sake sayensa, Ousus, a farashin da ke kan takardar. Mutumin har da tambayata ko a naɗe mini. Saurayin ya harare ni, don gani yake na yi masa ƙwace.

Da na iso gida na wuce da shi kai tsaye tsohuwar rijiyar da ta ƙafe a bayan garke. Hettie ta biyo ni, na zaci faɗa za ta yi. Ta leƙa bayan motar, ta dube ni, ta naɗe hannun rigarta ta ce, "Kama can, in kama nan."

Ki sumbaci Annelie a madadina.

Ƙanenki,
Gysbert