Minti Biyu Bayan Ƙararrawa

Katanning,
Talata, bayan sallar walaha.

Abang, mijina, inuwata ta tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, Pak Suraya, uban 'yata, sanyin idona da ya yi mini nisa,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da na dame ka. Na san ka ce kada a kira ka, ban kuwa kira ba. Amma ba ka ce kada a rubuto ba, shi ne na raɓa ta wannan 'yar ƙofar. In nan ma kuskure na yi, ka yafe mini. Na yi rubutun da manyan baƙaƙe don kada sai ƙanenka ya karanta maka, maganar tsakanina da kai ce. Surukin maƙwabciyarmu Noelene mai tuƙa babbar mota shi zai kawo maka ita Port Hedland jibi in Allah ya so.

Mu nan sanyi ya janye, alkama ta fara nuna a gonaki. Tiren katakon nan da ka kafa a kan turke yana nan, kullum da safe ina zuba masa tsaba, ina wanke kwanon ruwa kamar yadda kake yi. Aku masu jan ƙirji suna zuwa da hayaniyarsu, korayen nan masu baƙin kai suna korarsu, kurciyoyi masu tukku suna tsintar abin da ya zube a ƙasa. Hankakan nan mai waƙa har yanzu yana sauka a hannun kujerarka, ya karkata kai, ya dube ni. Me zan ce masa, Abang? Ni kaina ban san abin da zan ce wa kujerar ba! Lambu ya cika da murya, amma wadda kunnena yake nema ba ta ciki.

Ka tuna shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da maƙwabciyarmu Noelene ta leƙo ta kan shinge ta ce mu shiga ƙungiyarsu ta masu ƙirga tsuntsaye? Ta jero mana ƙa'ida: kowace Asabar da safe, minti ashirin cif, abin da ido ya gani kawai za a rubuta, kuma ba a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, "Mak Suraya, uwar 'yata, ai wannan aikin don ke aka ƙirƙiro shi, ke da kike ƙirga ƙwayar shinkafa kafin ki dafa." Kai ne mai kallo, ni ce mai biro, ƙararrawar kicin tana tsakaninmu. Sai ka ce, "Talatin!" in ce, "Goma sha bakwai." Ka ce, "To sauran sha ukun sun ba da uzuri, suna hanya." Wayyo waɗannan safiyoyi! Ashe a cikin aljannar duniya nake zaune, ina ta duban agogo.

Sai waccan Asabar ɗin ta cikin sanyi. Na tashi in sauke tukunya, ban fi minti ɗaya ba. Na dawo na tarar da kai tsaye, kana cewa baƙin aku mai farar jela ya sauka a bakin kwanon ruwa, ya sha, ya tashi. Tsuntsun da ake cewa ya kusa ƙarewa, wanda ba a taɓa gani a unguwarmu ba. Ka karɓi biron ka rubuta da hannunka. Fuskarka ranar nan kamar watan sallah.

Washegari a wurin shayin ƙungiya, Noelene ta karanta takardarmu, ta ɗago ta ce, "Maznah, ke ma kin gan shi?" Na ce ban gani ba. Gaskiya na faɗa, kuma da na tsaya nan, da yau kana gida. Amma dattijo Clarrie ya ajiye kofinsa ya ce, "Ko dai hankaka ne ya taka fenti, abokina?" Aka yi dariya. Na ga kunnuwanka sun yi ja, na so in kare ka daga sunan maƙaryaci, sai bakina ya ce, "Ba da gangan ba ne, idanunsa ne ba kamar da ba."

Innalillahi! Abin da ka faɗa mini ni kaɗai, a ɗakinmu, da murya ƙasa-ƙasa. Shekara ashirin da tara kana riƙe wuƙa a mayanka, kana ambaton sunan Allah a kan kowace tunkiya, kana tsoron ranar da za a ce ka miƙa ta ga wani. Ni kuma na ɗauki wannan tsoron na ajiye shi a kan tebur kusa da faranti na kek, a garin da magana ba ta kwana wuri ɗaya. Da muka dawo gida ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "A kan tsuntsu, Maznah?" Rabon da ka kira ni da sunana na yanka tun kafin a haifi Suraya. Sannan ka furta saki ɗaya, ka ce in zauna a ɗakina kamar yadda shari'a ta ce, kai za ka tafi.

Malamin da ya koya mana Alƙur'ani a tsibirin da muka taso, Allah ya jiƙansa, ya tsoratar da mu a kan shaidar zur har nakan yi mafarkinta. Shi ɗin dai ya koya mana rufa asirin juna. Na haddace na farko har da wasullansa, na biyun kuma na bar shi ya zube a hanya. Wannan laifina ne, ba na malam ba, ba na Clarrie ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Asabar da ta wuce na zauna ƙirga ni kaɗai. Masu jan ƙirji tara, koraye huɗu, kurciya biyar, ɗan shuɗin nan ɗaya da matansa. Ƙararrawa ta kaɗa, na rufe biro. Ban tashi ba, don ba ni da wurin zuwa. Bayan minti biyu sai na ji wani kuka mai tsawo daga sama, kamar ana kiran wanda ya yi nisa. Abang, su biyu ne! Baƙaƙe wuluk, manya, kowanne da farin tabo a kunci, jela fara kamar an tsoma ta a madara. Suka sauka a bakin kwanonka. Ɗaya yana sha, ɗaya yana gadi, sannan suka yi musanya. Na toshe bakina da mayafi don kada kukana ya kore su.

Noelene tana shanya, ta gan su ita ma. Da suka tashi ta rugo bakin shinge tana haki, ta ce, "Rubuta! Maza rubuta!" Na ce lokaci ya wuce da minti biyu. Ta ce, "Wa zai sani, 'yar'uwa?" Na girgiza kai. Ta dafe kai ta ce, "Maznah, ke ko alƙali ba zai iya zama da ke ba." Nan take ta ga abin da ta faɗa, ta zagayo ta rungume ni, muka yi ta kuka kamar yara.

Ban rubuta su ba. Ga ni dai yadda ka san ni. Hannuna ya ɗauki biron sau uku, sau uku yana ajiyewa. Amma na roƙi Noelene ta tara mini 'yan ƙungiya a gida, tunda ba na fita. Na dafa musu shinkafa da madarar kwakwa, na tsaya a gabansu, na ce mijina ya ga abin da ya ce ya gani, ni kuma na faɗi abin da ba ni da haƙƙin faɗa. Clarrie ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Ki gaya masa ni ne makahon. Shekara arba'in ina neman tsuntsun nan, shi kuma yana zaune da kofin shayi ya zo ya same shi." Na isar maka da saƙonsa kamar yadda ya faɗa, ban ƙara ba.

Hasken gidana, akwai wani ƙirgen da nake yi wanda ba na takarda ba. Mace mai shekaruna wata uku ake lissafa mata. Iddata za ta cika ranar Alhamis ta sama. Saura kwana tara. Suraya ta kira daga Perth tana kuka, ta ce, "Mak, ki fara lissafi daga ranar da Liman ya ji labari mana, kin ga an samu ƙarin kwana shida." Na ce mata Allah bai jira Liman ba kafin Ya ji. Wallahi da ana sayen kwana da jini, da na ba da nawa. Amma ba zan ƙara ko yini ɗaya ba, ko da kuwa shi ne yinin da za ka yi sallama a ƙofa.

Na san ana iya sake ɗaura aure bayan haka. Amma na san ka, ya bishiyar da na jingina da ita tun ina 'yar ashirin da biyu. In ranar nan ta wuce, kunya ba za ta bar ka ka zo neman aurena a gaban mutanen masallaci ba. Za ka zauna can cikin jar ƙasa kana cewa lafiya lau, ni kuma in ka zo ganin Suraya sai in ja mayafi in gaishe ka kamar baƙo. Ni? In gaishe ka daga bayan labule? Wace zuciya ce za ta ɗauki wannan?

Ba zan yi maka alkawarin zama wata mace daban ba, don ba na son in yi maka ƙarya ko a cikin roƙo. Abin da zan iya shi ne wannan: duk abin da ka sake ajiyewa a wurina, kabari ne zai karɓe shi daga hannuna. In lokacin ganin likitan ido ya yi, ni zan tuƙa ka, ba wanda zai san inda muka je. Ko ka mayar da ni ko ba ka mayar ba, babu wani namiji bayanka, kuma sunanka ba zai fita daga sujadata ba har ranar da za a daidaita mini ƙafafu.

Ba sai ka yi doguwar tafiya kafin Alhamis ba. Kalma ɗaya ta isa, ko ta waya ce, ƙanenka da matarsa suna ji.

Ni ce matarka har zuwa yau,
Maznah, Mak Suraya.

Don Allah ka ba ni amsa da wuri.