Ɗigo Uku a Gindin Kwalba

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Inna, ya yara? Mu lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Marayan da muka ɗauka ya cika wata biyu. Likita ta ce in riƙa tatsa sau takwas kullum, nono zai iya zuwa ko ban taɓa haihuwa ba. So nake ya sha nawa ya zama ɗana, kada ya girma in riƙa rufe kai a gabansa.

Maigida, gwanin sayayya, ya kwaso min injin tatsar nono da ya fi ƙarfi, sai ka ce saniya za a tatsa. Cikin sati fatata ta tsattsage. Na je shago da kaina aka auna ni, na zaɓi mai ƙaramin baki, mai taushi, wanda ake rage wa ƙarfin ja. A ɗakin ajiye tsintsiya nake tatsa a wurin aiki.

Na ji ƙanwar maigida tana yawo da ni, wai juya ta sayi inji. Ki gaya mata jiya ɗigo uku suka sauko, na sa wa yaron a baki. Ita da ta shayar da biyar, wanne ne yake zuwa gaishe ta?

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki