Ana Jiran Abdoulkarim

Harobanda, Yamai

Zuwa ga Yayata Hadiyya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin Inna, ya ƙafar tata da wannan damina? Ya maigidanki da yara, ya mutanen Damagaram? Ni lafiyata lau.

Na san za ki yi dariya, ki ce yau Abdoulkarim ya tuna da biro da takarda, shi da ko tuwo yake ci salula na hannunsa na hagu. Yi dariyarki. Salular ce ba na son taɓawa kwanan nan, shi ya sa na ba Hasan direba wannan ya kawo miki.

Kin tuna Mutari, abokina ɗan Maradi, wanda ya yi sallah a gidanmu ya cinye miki kilishi? Mu biyu muka kafa dandalin 'yan wasan dara a intanet. Darar da kika sani ce ta tsakuwa da tsinke, sai dai a salula muke yinta, kowane wasa da hirarsa a ƙarƙashi. Da jama'a suka yi yawa hira ta cakuɗe, mai neman abokin karawa ya ɓace cikin masu cika baki. Sai Mutari ya ƙirƙiro alamomi, waɗanda muke kira tag, a manna wa kowace hira tata: "Neman abokin wasa", "Wasa na tafiya", "Ana jiran wane" idan mutum ya yi nawa, sai "An tashi". Mu biyu kaɗai ke da ikon mannawa. Ya kuma kafa doka, ba a sa "An tashi" sai wasa ya kai ƙarshe komai daɗewarsa, kuma wanda ya ci, shi zai buɗe sabuwar hira ya kira wanda aka ci ya zo ya rama.

Yaya, Mutari ya tafi. Kogi ya cika ya batse, kwalekwalen da ya shiga ya kife, da shi da salularsa. An tsamo sauran, shi har yau shiru. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ta zo daga Maradi tana gidan ƙanenta a unguwar Dar es Salam nan Yamai, ta ce ba inda za ta sai ta ga an sa ɗanta a ƙasa.

Akwai wasan da muka faro ni da shi ba mu gama ba, kuma ni ne da jefawa. Na kasa. Na dai yi sabuwar alama, "Allah ya jiƙansa", na bi hirarrakinsa duka na manna, ina yi ina kuka kamar yaro.

Ki gaida Inna, kada ki gaya mata tukuna.

Ƙanenki,
Abdoulkarim

Harobanda, Yamai

Yaya Hadiyya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Da fatan ruwan bana bai yi muku ɓarna ba. Saƙonki ya iso, na gode da addu'a.

Abin da zan faɗa miki, don Allah kada ki ce karatu ya taɓa ni. Ina zaune a amfi, babban zauren karatunmu na jami'a, da rana tsaka, malam na bayani, na leƙa dandalin. Duk hirarrakin Mutari suna nan da alamar da na sa musu, ban da wasanmu. Shi an cire masa, an manna "Ana jiran Abdoulkarim". Wallahi sai da na ji sanyi har cikin haƙorana.

Na ce wani ɗan iska ne ke wasa da hankalina. Raina ya ɓaci, na zazzaga wa 'yan dandali masifa, kowa ya rantse. Na cire alamar, kafin in fita daga amfi ta dawo. Na kai wa Zeinabou, wata 'yar ajinmu da ta san kan kwamfuta, ta bincika ta ce da sunan Mutari aka manna, daga salularsa kuma. Ta miƙo mini tawa da sauri kamar ta ɗauki garwashi.

Na je gaida Inna Tabawa. Ta rame, Yaya, idonta kullum a ƙofa. Ba ta san komai game da dara ba, amma ta ce mini ɗanta tun yana ƙarami ba ya barin abu a rabi, ko barci ya ɗauke shi bai gama wanke kwano ba sai ya farka ya ƙarasa. Ta ce ita jikinta na ba ta akwai abin da ya riƙe shi. Na kasa haɗa ido da ita.

Gaskiyar magana, tsoro nake ji, kuma ba na son wasan ya ƙare. Muddin alamar nan na nan, akwai inda Mutari ke jirana. Amma tsohuwar nan ma jira take.

Naki,
Abdoulkarim

Harobanda, Yamai

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, Inna ta samu sauƙi.

Na jefa. Bayan azahar ne, ina ɗaki ni kaɗai, na yi bismilla na matsa ɗan darata. Ban ɗauke yatsa ba aka amsa. Kuma irin wasansa ne sak, ya bar maka gefe ka saki jiki, ya zagayo ta tsakiya. Gilashin salular ya yi ta damshi ina gogewa da riga, ɗakin yana warin laka, ga rana tana dukan kwanon rufi. Na yi iya yina, ban sassauta masa ba, don na san zai ji haushi. Ya cinye ni tas. Ina kallo alamar ta koma "An tashi".

Kafin la'asar masunta suka same shi a Saga, nan bakin kogi kusa da Yamai, cikin gonar shinkafa. Mun yi masa sutura, na sa hannu aka sa shi a kabari. Inna Tabawa ta riƙe kaina ta yi ta sa mini albarka, ba ta san dalili ba. Jiya ta koma Maradi.

Da na so in tsaya nan. Yau da safe ina cikin faba-faba, motar hayar nan, a kan gada, ruwa na gudu ja wur a ƙasa, salula ta motsa a aljihuna. An buɗe sabuwar hira da sunan Mutari, alamarta "Neman abokin wasa", sunana kaɗai ne a ciki. Bai karya doka ba, wanda ya ci shi ke kira.

Ban amsa ba. Na kashe salular na tura ta ƙarƙashin katifa. Ki gaya wa Inna komai yanzu, ta sa a yi mini addu'a, idan da hali ki turo maigidanki ya zo ya tafi da ni. Kada ku jinkirta, Yaya. Kin san halina tun muna dara a ƙofar gida, ba a taɓa cina na kwana ban rama ba.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Abdoulkarim