Ihu a Garejina

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya ƙafar taka?

Tun rasuwar matata Hauwa gidan nan ya yi tsit. To albishirinka, jikata Zainab da ƙawayenta sun kawo jita da ganga garejina, duk Asabar suna ihu. Na ce, "Amarya, ba ku iya ba." Ta ce, "Kaka, haka kiɗan punk ya fara, a gareji." Wannan kiɗan hayaniyar na Turawa nake toshe wa kunne sanda na zo London. Yanzu har shayi nake kai musu, in zauna.

Wai in sun ƙware za su koma studio, ɗakin naɗar waƙa. Taya ni addu'a kada su ƙware da wuri.

Gai da kowa.

Yayanka,
Garba