Allurar Kashe Zafi da Abin da Na Ɓoye wa Likita

Assalamu alaikum Anti Zulaihat. Don Allah ki taimake ni, saura sati uku a yi mini aiki, kuma na rasa wanda zan buɗe wa cikina. Ki sakaya sunana.

Ni matar aure ce a Ƙofar Ƙaura, ɗinki nake yi. Shekara huɗu da suka wuce, ana gobe Sallah ina suyar cincin, kaskon mai ya kife mini tun daga wuya har kafaɗa. Na warke, amma fatar ta tattare ta yi tudu, in zan waiga sai na juya gaba ɗaya. Ni da nake ɗinka wa mata riguna masu buɗaɗɗen wuya, tawa kullum a rufe ruf kamar mai mura. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne, lokacin jinyar wani mai kemis ya ba ni tramol saboda raɗaɗi. Ciwo ya tafi, ni ban daina sha ba. Shekara ɗaya da rabi ina ɓoye ta cikin gwangwanin maɓallai. Yayata Rahinatu ce ta gano, ta ɗauke ni zuwa gidanta da sunan hutu, na yi kwana goma ina amai da rawar ɗari kafin Allah ya raba ni da ita. Ko mijina bai sani ba, ya ɗauka taifot na yi.

Yanzu likita ya ce zai iya gyara tabon. Da ya tambaye ni ko na taɓa sabawa da wani magani, na ce a'a. Ƙarya na shara masa, Anti, don matarsa dangin mijina ce, biki da suna tare muke. To a layin ganin likita wata mata ta ce mini akwai allurar da ake yi a daidai inda aka yanka, ta kashe zafi har kwana biyu ko uku. Tun ranar raina ya kwanta da ita. So nake in nemi a yi mini ba tare da na faɗi dalili ba, in ta sake ni sai in daure. Ga kuma Inno, uwar mijina, da za ta yi jinyata. Ta riga ta ce ita ba ruwanta da wata allura, ruwan zafi da tawul sun ishe ta, ita da ta gasa cibiyar jikoki goma sha ɗaya.

Aikin nan sai na yi shi, ba fashi. Ƙwayar nan kuma ba za ta sake shiga bakina ba. Amma tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji. Allurar nan gaskiya ce? Za ta ishe ni?

Taki, Wata Baiwar Allah, Katsina.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na sauya wasu bayananki, ki kwantar da hankali. Sannu da ƙoƙari, barin tramol ba ƙaramin aiki ba ne, kuma kin yi shi.

Allurar gaskiya ce. Tana kashe jin zafi a wurin da aka yi aiki, wata ta yi sa'o'i, wata ta kai kwana biyu ko uku. Sai dai ba kowane asibiti ke da mai daɗewar ba, ba kowane aiki take dacewa da shi ba, kuma rage zafi take yi, ba ta share shi duka. Likita kaɗai ke yin ta, da awo, don in ta yi yawa tana taɓa zuciya. Kada ki kuskura wani mai kemis ya ce zai ƙara miki a gida. In bayan an yi kika ji kunne na ƙara, ko leɓe ya mutu, ko jiri, ki faɗa nan take.

Inno kuwa, ba a raina hannun da ya yi renon jikoki goma sha ɗaya, amma wannan karon ta ajiye tawul ɗinta. Fatar da aka kashe ba ta sanin zafi, sai a dafa ki kina kallo kina godiya. Kada ke ki yi musu da ita. Mijinki ya kai ta ta ji daga bakin likita, a bar mata kunu da farfesu.

Sai babbar maganar. Na fahimci kunyarki, Katsina gida ɗaya ce, magana in ta fita ba ta dawowa. Amma shirinki na yin shiru akwai rami a cikinsa. Likitan da bai san tarihinki ba zai iya rubuta miki tramol ɗin nan ko 'yar'uwarta, har a sa miki a ƙarin ruwa kina cikin mayen aiki, ba ki ma san ta shiga ba. Ina dauriyarki za ta yi amfani a nan? In ya sani kuwa, zai tsara allurar da wasu magungunan da ba sa kama mutum, ya kuma shirya wa ranar da allurar za ta sake ki. Sirrin majinyaci amana ce a wuyansa. In har bakinki ya ƙi buɗuwa a gabansa, ki nemi likitan da ke sa barci lokacin aiki ki gaya masa, ko ki canza asibiti. Ki tafi da Rahinatu ta dafa miki, kuma maganin da za a sallame ki da shi ya zauna a hannunta. Maganar gaya wa mijinki ki bar ta sai kin warke kin natsu.

Wadda ta iya rubuto mini wannan za ta iya faɗa wa mutum ɗaya a ɗaki a rufe. Ki je gobe, kada ki bari sai ranar aiki. Allah ya sa a yi a sa'a, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Anti Zulaihat