Hular da ta aurar da ni

Baba,

Gaisuwa mai yawa daga Lima. Yaya Inna da tumaki? Ni lafiya lau, sai hannun da wanke-wanke ya ci.

Baba, na kwafsa. Duk karance-karancena, hular ulun nan mai ja da fari da ka saƙa mini na tsoma a ruwan zafi. Jan ya zuba, ya rine farin da ke nuna saurayi ne ni. Ta koma ja zalla, irin ta magidanta.

Eusebio ɗan garinmu, uban gulma, ya gan ni ya ce, "Ango, ba gayyata?" Na zage shi tas, ashe gobe zai taho gida.

Don Allah ka riga shi zuwa wurin budurwata Casimira. Ka ce mata wawa ne ni, amma ban yi aure ba.

Ɗanka,
Fortunato